Faifan da Mahaifinka Ya Ɓoye a Ƙasan Akwati

Filin tambaya da amsa kan kiɗa da tsofaffin faya-fayai

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan wata. Ta farko ta hana ni barci kwana biyu, shi ya sa ta cinye fiye da rabin filin. Sauran masu tambaya su yi mini afuwa.

Tambaya daga wani matashi a Kasala, gabashin Sudan:

Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗan Madani ne, muna zaune a Kasala tun da muka fito gudun yaƙi. Mahaifina ya rasu bara. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, can ƙasa, ƙarƙashin takardun gona da jallabiyarsa ta Idi, sai na tarar da faifan garmaho guda ɗaya naɗe cikin zanen mahaifiyata. A jikin kwalin an rubuta Super Fly da sunan Curtis Mayfield, ga hoton wani mutum riƙe da bindiga. Abokina ya duba a waya, ya ce waƙoƙin wani fim ne na mai sayar da hodar iblis, wai yabon 'yan ƙwaya ake yi a ciki. Baba, mahaifina ba ya rasa sahun farko. Ya bar rediyonsa da keken ɗinkinsa a Madani, amma ya ɗauko wannan. Abin ya tsaya mini a rai. In jefar ne ko in ajiye?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Kada ka jefar. Na fara da wannan tun kafin bayani, don kada hannunka ya riga kunnenka.

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Fim ɗin ya fito a Amurka a 1972, Gordon Parks ƙarami ne ya ba da umarni, Ron O'Neal ya fito a matsayin Priest, wato mutumin nan da ka gani riƙe da bindiga. Priest dillalin hodar iblis ne a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a birnin Niyok. Ya gaji da harkar, yana so ya fita, sai ya ƙudura zai sayar da kilo 30 a karo na ƙarshe, ya tara dala miliyan guda, ya wanke hannunsa. Fim ɗin ya ƙawata shi ƙwarai: doguwar riga har ƙasa, gashi a kwance, ƙatuwar mota Cadillac mai walƙiya, mata suna binsa. Tun a lokacin manyan baƙaƙen fata na Amurka suka yi ca a kan irin waɗannan finafinai, suna cewa ana cin kasuwa da talaucin mutanensu. Ni ma ba zan ce ka nemi fim ɗin ka kalla ba. Akwai tsiraici a ciki, kuma akwai wurin da ake jera hotunan mutane suna shaƙar hodar kamar ana tallan shayi.

Amma fim daban, faifai daban. Abin da mahaifinka ya naɗe cikin zane shi ne bakin mutumin da aka ɗauko ya yi wa fim ɗin kiɗa, shi kuwa ya juya yana ƙaryata hoton da ke kan majigi.

Curtis Mayfield ɗan Shikago ne, an haife shi a 1942, ya tashi a gidajen gwamnati na talakawa da ake kira Cabrini-Green. Masu sayar da ƙwaya a bakin lungu ba labari aka ba shi ba, maƙwabtansa ne. A waƙar coci ya fara buɗe murya, daga nan ya shiga ƙungiyar The Impressions, inda ya rubuta Keep On Pushing a 1964 da People Get Ready a 1965, waƙoƙin da masu zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata suka riƙa rerawa a zamanin Martin Luther King. Ka ga ke nan ba mawaƙin mashaya aka kira ba. Ya bar ƙungiyar a 1970, kuma yana da kamfaninsa na kansa mai suna Curtom, wanda shi ya buga faifan da ke hannunka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke da gonarsa shi ke zaɓen abin da zai shuka.

Waƙoƙi tara ne a ciki, biyu daga cikinsu kiɗa ne zalla. Bari in bi da kai fuskar farko, domin a jerin nan hikimar take.

Ta farko labarin yaro ce. Gida ya watse, uba ya tafi, uwa ta gaji, yaro yana gantali a titi ba mai ce masa zo nan. Kafin a nuna maka dillali, sai da aka nuna maka ƙasar da ake shuka shi. Ta biyu ita ce Pusherman, wato dillalin kansa, kuma ita ce abokinka ya ji labarinta. A nan Curtis ya ari bakin mutumin, yana kirari: shi ne uwarka, shi ne ubanka, shi ne likitanka ranar da ka matsu. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai wannan Gambu ne mai waƙar ɓarayi ya koma Turanci. Sai dai ka saurari muryar. Siririya ce, mai laushi, kamar mai lallashin yaro ya sha magani, ga ƙananan ganguna na hannu suna zagaya ta, Master Henry Gibson ke buga su. Da gangan aka yi haka. Mai hallaka yaro ba ya zuwa da tsawa, da fara'a yake zuwa, ya ce na farko kyauta ne. A cikin kirarin ma dillalin ya furta cewa shi kansa yanayi ne ya ci shi.

Sai ta uku ta faɗo a kansa kamar guduma: Freddie's Dead, Freddie ya mutu. A fim ɗin Freddie ɗan aike ne kawai, wani mai ƙiba da ba a ɗauke shi bakin komai ba. 'Yan sanda suka kama shi suka matsa shi ya yi magana, ya zabura zai gudu, mota ta take shi. Fim ya wuce kamar an take kaza. Curtis bai wuce ba. Ya tsaya a kan gawar ya yi mata waƙa ta fiye da minti biyar, yana cewa kowa ya more shi, kowa ya ci zalinsa, kuma ƙasar da ta iya harba roka sama ta kasa duban abin da ke gabanta. Ka tuna a shekarar Amurka na kan aika mutane duniyar wata. Abin da zai nuna maka bambancin fim da faifai shi ne, a cikin fim ɗin kiɗan wannan waƙa kawai ake ji, babu kalmomin. Sai wanda ya sayi faifan ya ji ta'aziyyar Freddie.

Ni a wajen 1975 na fara jin ta, ina yaron shago a wurin maigidana mai gyaran rediyo a kasuwar Madani. Wani da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Bor Sudan ya kawo garmahonsa gyara, ya bar faifan a kai don mu gwada. Kwana huɗu muna gwaji, alhali gyaran na rabin yini ne. Ba na jin Turanci a lokacin. Jitar bes ɗin nan ce ta kama ni, mai tafiya kamar raƙumi ɗauke da kaya, sannan gogen Turawa da ƙahoni su lulluɓe ta, aikin wani gwani Johnny Pate wanda ya tsara su. Wani malamin Turanci da ke zuwa shan jabana, wato gahawa, kusa da shagonmu shi ya zauna ya fassara mana baiti-baiti, maigidana yana girgiza kai yana cewa ashe wa'azi ne.

Ban san nauyin wa'azin ba sai bayan shekara arba'in da wani abu, lokacin da shagon ya zama nawa. Ina da yaro mai hannu, wanda in ya ɗora dalma a kan waya kamar da ita aka haife ta. Ya fara da bango, wato tabar wiwi. Na yi faɗa, ya daina, ya koma. Daga nan ƙwayoyi, daga nan wannan masifa da yara ke kira ais, wadda ta shigo mana gab da yaƙi. Ya rame, haƙoransa suka lalace, ya sayar da na'urar awona, na kore shi. Wata uku bayan haka aka tsinci gawarsa a bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa. A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa ai dama ƙarshensa ke nan, aka ci gaba da shan shayi. Ni da na kore shi ban ce uffan ba. Da na koma gida na sa kaset ɗin, na zauna a kan angare, gadon igiya, har aka kira sallar magariba. Mutumin Shikago da bai taɓa ganin Kogin Nilu ba ya fi ni iya yi wa yarona kuka. Har gobe ina tambayar kaina ko da na bar shi yana kwana a shagon da abin bai kai haka ba.

Fuska ta biyu ta fi sanyi. Akwai waƙar soyayya, akwai wadda yake yi wa Eddie faɗa, abokin Priest da ya fifita kuɗi a kan amana, yana tuna masa hawayen iyayensa. Akwai No Thing on Me, inda ya fito fili ya ce shi hankalinsa garau ya ishe shi jin daɗi, dillali ba shi da igiyar da zai ja shi da ita. Sai kiɗan Think mai kwantar da rai, sannan waƙar Superfly ta rufe, tana gaya wa gwanin cewa wasan da yake yi ba a cinye shi.

Ba zan rufe maka wani abu ba. Daɗin kiɗan ya yi yawa har ya zama wa wasu tarko. Samari da dama a Amurka, da ma a Hartum, riga da tafiyar Priest suka ɗauka, suka bar maganar Curtis a ƙasa. Faifan ya yi mako huɗu a saman jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka, kuma ba duk masu sayen ne suka saurari baitocin ba. Wannan haɗari ne da ke bin duk mai yin nasiha da zaƙin murya. Amma laifin mai ji ne da ya tauna rake ya haɗiye ɓawo.

Hukuncin sauraren kiɗa kuwa, wannan na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Abin da na sani shi ne abin da ke cikin faifan, kuma babu yabon ƙwaya a cikinsa. Ban san mahaifinka ba, amma na san tsararsa, don ni ma cikinsu nake. Mun yi samartaka a shekarun 1970, muna sauraren Shata da Ɗan Maraya a kaset ɗin da alhazai 'yan ƙasa ke kawowa, muna sauraren Rediyon Umdurman da dare, muna kuma jin baƙaƙen Amurka a matsayin 'yan'uwa da aka raba mu da su. Mutum ba ya naɗe abin kunya cikin zanen matarsa. Ka je wurin mahaifiyarka da faifan a hannu, bayan ta idar da sallar isha'i, ka tambaye ta a hankali wane ne ya ba shi. Ina kyautata zaton akwai sunan wani aboki a cikin labarin, kuma mai yiwuwa abokin nan bai yi tsawon rai ba.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Sinnar:

Kawu, mene ne bambancin sol da fank? Kuma me ya sa in na ji tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka sai in ji kamar na san hanyar da muryar za ta bi, alhali ban taɓa jin su ba?

Amsa:

'Yata, sol kiɗan murya ne, fank kiɗan ƙugu ne. Sol ya fito daga waƙar cocin baƙaƙen fata, aka cire ta daga ɗakin ibada aka sa mata zancen soyayya da wahalar duniya. Ray Charles da Sam Cooke suka share hanya a shekarun 1950, Aretha Franklin ta zo ta hau gadon, kamfanonin Motown a Ditroit da Stax a Memfis suka yaɗa shi duniya. Mai jagora ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa, kamar dai yadda muka saba. Fank kuwa James Brown ne ya ƙera shi a tsakiyar shekarun 1960. Ya mai da kowane abin kiɗa ganga: jita ta daina kuka ta koma sara, ƙaho ya koma tsawa gajeriya, kuma duk nauyin ya sauka a kan bugun farko na kowane zagaye. Super Fly ya haɗa biyun, ƙasa fank, sama sol.

Tambayarki ta biyu ta fi daɗi, kuma kunnenki bai yaudare ki ba. Waƙar tsakiyar Sudan a kan sauti biyar take tafiya, abin da mawaƙan nan ke kira sullamul humasi, saɓanin waƙar Masar da Sham. Karin waƙar baƙaƙen Amurka ma da yawansa a kan sauti biyar ya ginu. In kin taɓa ganin fiyano, baƙaƙen maɓallan nan da ke jere biyu da uku, su kaɗai in aka taɓa sauti biyar suke bayarwa. To Curtis da kansa ya koyi jita ba malami, kuma ya ɗaure tsirkiyoyinta daidai da baƙaƙen maɓallan fiyano, ya riƙe wannan ɗauri har ƙarshen kiɗansa. Shi ya sa masu jita da yawa suka sha wuyar kwaikwayonsa, mu kuwa a nan muka ji shi kamar ɗan gida.

Mawaƙan Sudan ba su tsaya sauraro kawai ba. Sharhabil Ahmad, wanda ake kira sarkin jaz na Sudan, ya shigo da jitar lantarki cikin waƙar gida, matarsa Zakiya tana buga jita a ƙungiyarsa. Kamal Kila har laƙabin James Brown na Sudan aka ba shi, kuma a 2018 wani kamfani a Jamus ya fitar da tsofaffin waƙoƙinsa a faifai. Bayan dokokin shari'a na Satumba 1983 a zamanin shugaba Numairi wuraren da waɗannan ƙungiyoyi ke wasa suka ragu sosai, kasuwarsu ta ja baya. Ki faɗa wa ɗalibanki mata kuma cewa mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Umdurman, a farkon shekarun 1940, tamu ce, A'ishatu Falatiya.

Tambaya daga wani direban babbar mota a Bor Sudan:

Malam, muna gardama a tasha. Ni na ce Shaft ya fi Super Fly, abokan aikina suka ce ban san kiɗa ba. Ka raba mu.

Amsa:

Malam direba, ka san kiɗa, amma abokanka sun fi ka gaskiya. Shaft ya riga fitowa da shekara guda, a 1971, kuma abin sha'awa uba da ɗa ne: Gordon Parks babba ya yi Shaft, ɗansa ya yi Super Fly. Isaac Hayes ya yi kiɗan Shaft, ya ci kyautar Oska ta waƙar fim a 1972, baƙar fata na farko da ya ci ta a wannan rukuni. Buɗewar babbar waƙarsa, inda farantin ƙarfe na mai ganga ke ta ƙyas-ƙyas sannan jitar da ake sarrafa sautinta da ƙafa ta shigo, ban san abin da ya kai ta tayar da tsikar jiki ba. A kan hanyar garin Haya da dare na san tana hana gyangyaɗi. Sai dai faifai biyu ne, mafi yawansu kiɗan rakiyar hoto, kuma babbar waƙar kirarin jarumi ce daga farko har ƙarshe. Isaac Hayes maroƙin gwani ne, Curtis kuwa mai faɗa wa gwani gaskiya. In ka cire fim ɗin, Shaft ya rage rabi. In ka cire fim daga Super Fly, babu abin da ya ragu. Ka sayi shayin tasha gobe.

Tambaya daga wani dattijo a Mai Wurno:

Ɗan'uwa, Curtis ɗin nan yana raye? Kuma ina da 'yan faya-fayai da ƙura ta cinye, yaya zan yi da su?

Amsa:

Yaya, ya rasu ranar 26 ga Disamba 1999, yana da shekara 57. Tun a watan Agusta 1990 ƙaddara ta same shi a Buruklin: yana shirin fara wasa a fili, iska ta kayar da ƙarfen fitilu a kansa, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Bai sake riƙe jita ba. Duk da haka ya fitar da faifai na ƙarshe a 1996, yana kwance rigingine don numfashi ya ishe shi, ana ɗaukar muryarsa layi ɗaya bayan ɗaya ana haɗawa.

Faya-fayanka kuwa, rana ce babbar abokiyar gabarsu, ba ƙura ba. Kada ka jibge su kwance, ka tsayar da su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mafi sanyi, nesa da rufin kwano. Wanda ya lanƙwashe da wuya ya dawo. Wanki da ruwa mai tsabta wanda aka tace, ɗigon sabulun ruwa guda ɗaya, da tsumma mai laushi, kana bin zagayen layin, ba ka ratsa shi ba. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, kada ka kusantar da fetur ko kananzir. Ka bari ya bushe a inuwa. Kuma kada ka ɗora masa tsohuwar allurar garmahon wani, gara ya zauna shiru shekara goma da a lalata shi a dare ɗaya. Babban faifai irin Super Fly a gudun 33 ake juya shi.

Nawa faya-fayan, sama da 300, suna Madani lokacin da muka fito a Disamba 2023 da kayan jikinmu. Maƙwabcina da ya koma ya ce shagon babu ko ƙofa. Na'urar juyawa guda ɗaya na samu a nan Gadarif, na gyara ta da hannuna, allurarta sabuwa ce, amma ba ni da abin ɗora mata. Saboda haka, ɗana na Kasala, in mahaifiyarka ta yarda, hanyar ba ta kai yini ba a mota. Ka sa faifan tsakanin kwali biyu masu kauri, ka riƙe shi a cinyarka, kada ka bari a ɗaure shi a saman mota cikin rana. Ka nemi adireshina a ofishin mujalla.